Sarkin zuma mace ce: taƙaitaccen tarihin kiwon sarauniya

Babbar ƙudar nan da ke tsakiyar amya, tsofaffinmu "sarkin zuma" suke ce mata. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Aristotal na ƙasar Girka, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki ya kira ta, Rumawa ma haka. Mutane sun ga dubban ƙudaje suna kewaye da guda ɗaya, sai sunka kwatanta abin da fadar garinsu. Wanga suna ya rufe ma ɗan Adam ido shekaru aru-aru, don wanda ya ɗauka sarki ne ba ya tunanin cewa daga cikin nan duk jama'ar amya ke fitowa.

Kiwon zuma kansa tsohon abu ne. A Masar akwai zanen bango na wajen shekara 2400 kafin haihuwar Annabi Isa, mai nuna mutane suna aiki da amya. Amma sai a 1586 wani Basifaniye, Luis Méndez de Torres, ya rubuta cewa sarkin nan mace ce mai zuba ƙwai. A 1609 Charles Butler na Ingila ya fitar da littafi kan mulkin mace cikin amya. Daga baya Jan Swammerdam na Holan ya feɗe ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga mahaifar ƙwai da idonsa. Gardama ta ƙare.

To, ita uwar, ina take fitowa? Nan ne labarin ya yi daɗi. A shekarun 1760 wani limamin coci a ƙasar Jamus, Adam Schirach, ya gwada raba ƙudaje da uwarsu, ya bar masu saƙa mai ƙananan tsutsotsi. Sai ga shi sun zaɓi wasu, sun faɗaɗa masu ɗaki, sun dinga ɗura masu wani farin abinci mai kama da kindirmo da suke fitarwa daga jikinsu, har sabuwar uwa ta fito. Ashe ƙwan da ke zama ma'aikaciya shi ne dai ke zama sarauniya. Abinci da ɗaki ne ke raba su. Sarauniya na fitowa a kwana 16, ma'aikaciya a 21, namiji a 24. A 1792 kuma François Huber na Suwizalan, wanda makaho ne, yaronsa François Burnens ke duba masa, ya tabbatar da cewa budurwar sarauniya ba ta barbara cikin amya, sai ta tashi sama ta gamu da maza.

Sani ya samu, saura hannu ya kai. Matsalar ita ce amyar da: ba ka ganin cikinta sai ka fasa saƙa. A 1851 Lorenzo Langstroth na Amurka ya lura cewa in ka bar rata ta kamar milimita 6 zuwa 9 tsakanin katakai, ƙudaje ba su toshe ta, ba su kuma gina saƙa a ciki. Da wanga lissafi ya ƙera akwatin da ake zaro saƙa ɗaya bayan ɗaya, a duba, a mayar. A 1889 Gilbert Doolittle, shi ma Ba'amurke, ya bayyana dabarar da ake bi har gobe: a tsoma tsinin sanda cikin narkakken kaki a yi ƴan kofuna, a ɗauko tsutsa ƴar kwana ɗaya daga amyar da anka fi yarda da ita, a sa cikin kowane kofi, a miƙa ma ƙudaje su rena. Shi ke nan, kiwon sarauniya ya zama sana'a mai zaman kanta, har ana aika ta cikin ɗan keji ta gidan waya.

Mi ya sa ake wahala haka kan ƙuda guda? Saboda tana iya zuba ƙwai sama da 1,500 a rana, ma'aikata kuwa a lokacin aiki ƴan makonni suke yi su mutu. Canza uwa, cikin wata biyu ka canza halin amya duka: zafin harbi, ƙwazon tara zuma, juriyar cuta.

Tarihi ya ba mu misali biyu. Na farko, Brother Adam, Bajamushe mai zaman ibada a gidan Buckfast na Ingila. Bayan annoba ta kashe mafi yawan amyoyinsu, ya karɓi aikin a 1919, ya yi shekara kusan saba'in yana zaɓe da haɗa iri, har ya samu ƙudan Buckfast masu sanyin hali. Na biyu, Warwick Kerr, wanda a 1956 ya kai sarauniyoyin Afirka Barazil don neman irin da ke jure zafi. A 1957 guda 26 sunka kuɓuce da jama'arsu, jikokinsu masu faɗa sunka bazu har sunka shiga Teksas a 1990. Ɗaya ya yi zaɓe a hankali, ɗaya iri ya suɓuce masa.

A karkararmu har yanzu amya na rataye bisa itace, kuma da yawa da dare ake cire zuma da wuta. Ƴaƴa su ƙone, uwa ta mutu ko ta gudu da sauran, baɗi a sake jiran sa'a. Alhali cikin ƙudanmu masu zafi akwai amyar da ta fi wata haƙuri, akwai wadda ba ta gudu da rani. Kayan Doolittle kuwa ba su fi ƙarfinmu ba: kaki, tsinke, akwatin da ake buɗewa, da littafin ƙidayar kwanaki. Matashin da ya iya wanga ba zuma kaɗai zai sayar ba, har uwar da ke haifar masu yin ta.