Marisuwa da Ciwon Barcin Turai

'Yan'uwa ɗalibai, kakanninmu sun daɗe suna ƙirga shekaru da marisuwa, wato murar nan da ta game duniya a 1918. Ni kuwa abin da ya ja hankalina shi ne wata cuta da ta yi zamani da ita a Turai.

A 1917 wani likita a birnin Biyana, Constantin von Economo, ya bayyana wani ciwo mai kama ƙwaƙwalwa, ya sa mutum barci ba dare ba rana. Ba ciwon barcin nan na ƙudan tsando ba ne. Da yawa daga waɗanda suka tashi sun ƙare da makyarkyata da sandarewar jiki. Da yake cututtukan biyu sun zo kusan tare, sai aka yi ta ɗora wa marisuwa laifi.

To, ina shaida? Likitocin wancan zamani sun yanki ƙwaƙwalwar mamata, suka jiƙa a ruwan fomalin, suka daskarar cikin kaki, suka ajiye. Bayan Kary Mullis ya ƙago dabarar PCR a 1983, sai aka sami hanyar bincika su. Akan fere kakin siriri, a narkar da shi, a tsamo sinadarin gado da ake kira RNA, a juya shi zuwa DNA, sannan a riɓanya ɗan guntun da ake nema har ya bayyana.

Da wannan dabara Jeffery Taubenberger da abokan aikinsa a Washinton suka gano ƙwayar marisuwa cikin huhun wani soja a 1997. Amma da suka juya ga ƙwaƙwalwar masu ciwon barcin a 2001, ba su ga alamarta ba. A 2003 masu bincike a Landan su ma suka tashi hannu rabbana.

Shin marisuwa ta kuɓuta ke nan? A ganina da saura. Fomalin yakan daddatsa RNA, kuma mai yiwuwa ƙwayar ta yi ɓarna ta wuce kafin majinyaci ya cika. Darasi gare mu masu nazarin tarihi shi ne, zuwan abu biyu tare bai isa hujja ba, haka kuma rashin ganin sawu bai wanke wanda ake zargi ba. Allah ya ƙara mana sani, amin.