Wake SAMPEA 20-T: Yadda bincike ke fita daga ɗakin gwaji ya iso mudu

'Yan uwa masu sana'ar wake a Mile 12 da Sabo ta Ibadan, har da na kasuwar Utako a nan Abuja, sun sha tambaya a kan "waken kimiyya". Bari in bi muku hanyar da ya biyo, domin a ganina ita ce misali mafi kusa da mu na yadda bincike ke zama kayan sayarwa.

Abin ya faro ne daga tsutsar maruka, wadda ke cin furen wake da kwanso, in ta yi tsanani ta lashe kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Masana sun duba dubban nau'o'in wake ba su sami mai jure mata sosai ba. Sai aka ɗauko ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, mai fitar da sinadarin da ke kashe tsutsar. Kamfanin Monsanto ne ya ba da ita ba tare da kuɗin mallaka ba, ta hannun gidauniyar AATF. Masana a Ostareliya suka dasa ta cikin wake, sannan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ta aura shi da irin da manomanmu suka sani.

Nan fa aka ci shekaru. An fara gwaji a killatacciyar gona a 2009. Hukumar da ke tantance irin waɗannan kayan, NBMA, ba a ma kafa ta ba sai 2015. Ta amince a Janairun 2019, aka yi wa irin rajista da sunan SAMPEA 20-T a Disamban shekarar, aka ƙaddamar da sayar da shi a Kano a 2021. Daga nan kamfanonin iri na cikin gida suka karɓi aikin ninka shi da kai shi ga manomi. Wannan matakin ne mutane ke rainawa, alhali a nan bincike da yawa ke mutuwa. Ku tuna Niprisan, maganin sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa: an ba wani kamfanin Amurka lasisi a 2002, ya shiga kasuwa a 2006, kamfanin ya karye a 2008, masu ciwon suka yi ta nema.

Amfanin da aka bayyana shi ne feshi ya sauko daga sau shida zuwa takwas ya koma sau biyu a damina. Akwai ƙungiyoyi irin su HOMEF da ke adawa da shi, suna tsoron illa ga lafiya da dogaro ga kamfanoni, kuma har yanzu ana muhawarar.

Abin da nake so ɗan kasuwa ya riƙe: kariyar ta gona ce kawai. Ƙwaron da ke huda wake a cikin buhu bai san da ita ba. Zuba fiya-fiya a wake, irin abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, ba ya cikin abin da wannan iri ya magance. Don ajiya, a nemi buhun PICS mai ninki uku, a ɗaure bakinsa tam.