Kujerar Gwamnan Tawa da Tarihin Zaɓe a Ƙasar Adar da Gobir Tudu

Manomin Urno da ke gundumar Madawa, kamar ɗan'uwansa na Buza ko na Kaita, ya sha jefa ƙuri'a domin zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisar dokoki da kansiloli, amma tun da aka kafa Jamhuriyar Nijar ba a taɓa miƙa masa takardar zaɓen gwamnan jihar Tawa ba. Gwamna a tsarin Nijar wakilin shugaban ƙasa ne da gwamnati a cikin jiha, ana naɗa shi a zaman majalisar ministoci a Yamai, kuma galibin talakawa a rediyo suke jin sunansa da daddare, cikin sanarwar bayan taro, tare da sunayen sauran waɗanda aka naɗa ko aka sauke. Wannan ya bambanta da abin da ke gudana a tsallaken iyaka, inda jama'ar jihar Sakkwato suka zaɓi Shehu Kangiwa a 1979 a matsayin gwamnansu na farar hula na farko, alhali daga Bangi ko Sabon Gida zuwa ƙasar Sakkwato ba wata tafiya ba ce.

Asalin muƙamin yana komawa ga mulkin Faransa. Kafin zuwan Turawa, Adar tana da sarautar da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 17, Lisawan suna da ƙarfi a yankin Kaita, Kel Geres kuma suna riƙe da makiyaya da hanyoyin fatauci a kewayen Madawa. Faransawa ba su shafe waɗannan gidaje ba, sai dai sun ɗora musu kwamanda, wato jami'in da ke riƙe da babban yanki daga bariki, yana karɓar haraji, yana ɗibar mutane aikin tilas, yana kuma naɗa sarki ko tuɓe shi. A saman kwamandoji akwai gwamna guda na ƙasar baki ɗaya tun daga 1922, lokacin da Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a ƙarƙashin Jules Brévié, wanda a zamaninsa aka mayar da fadar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Gwamnan da ba a zaɓa ba yakan iya juya akalar zaɓen wasu, kuma hakan ya fito fili a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, sa'ad da Gwamna Don Jean Colombani ya jingina da sarakuna da ma'aikatan bariki har aka kayar da kiran da Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka yi na a ƙi zama ƙarƙashin inuwar Faransa.

Bayan samun 'yanci a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta yi dokar 1964 wadda ta raba ƙasa zuwa manyan yankuna 7, Tawa na cikinsu, kowanne a hannun perefe, wato wakilin gwamnati da ke shugabantar dukkan ma'aikatun yankin, sannan Madawa da Buza da Kaita suka zama ƙananan yankuna a hannun superefe. Sunan ya sauya, amma barikin da gardawan da ke tsaron ƙofarsa da rangadin karɓar haraji duk sun zauna yadda suke. Da Seyni Kountché ya kifar da gwamnati a 15 ga Afrilu 1974, sai hafsoshin soja suka hau waɗannan kujeru, kuma wanda ya fi shahara a Tawa shi ne Tandja Mamadou, wanda ya riƙe yankin daga 1981 zuwa 1988, shekarun da suka haɗa da farin 1984 da kuma fara babban aikin farfaɗo da ƙasar noma a Kaita da tallafin Italiya. Ƙuri'ar mutanen Tawa ba ta kai ga Tandja ba sai daga baya, lokacin da ya nemi shugabancin ƙasa, har ya ci a 1999.

Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, sai dai bai taɓa hanyar naɗa shugabannin yankuna ba, illa ma ya mayar da kujerun ganimar siyasa. Bayan zaɓen 1993, jam'iyyun ƙawancen da suka kai Mahamane Ousmane ga mulki sun raba muƙamai a tsakaninsu ta yadda jama'a suka laƙaba wa zamanin sunan wasoso, kuma tun daga nan ya zama al'ada cewa duk sauyin gwamnati ko rushewar ƙawance a Yamai yana zuwa da sabon baƙo a barikin Tawa da na Madawa. Matsin lambar da ya tilasta a yi maganar saukar da mulki kusa da talakawa ya fi zuwa ne daga tawayen arewa, domin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta ɗauki alkawarin bai wa yankuna ikon tafiyar da wasu harkokinsu ta hanyar zaɓaɓɓun majalisu.

Gwajin farko bai yi tsawon rai ba. An yi zaɓen majalisun jihohi da gundumomi da ƙananan hukumomi a 7 ga Fabrairu 1999, 'yan hamayya suka yi rinjaye a wurare da dama, aka yi ta rikici wajen tattara sakamako, Kotun Ƙoli ta soke wani ɓangare nasa, kuma a 9 ga Afrilu aka kashe Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara, sojojin da suka gaje shi suka yi watsi da zaɓen ɗungurungum. Dokokin 1998 da 2002 ne suka ɗaga tsoffin manyan yankuna zuwa jihohi masu gwamna, ƙananan kuma zuwa gundumomi masu perefe, amma zaɓen 24 ga Yuli 2004 ya tsaya ne ga ƙananan hukumomi 265, inda Urno da Bangi da Karofan da Tamaske da ire-irensu suka sami kansiloli da magadan gari na farko. Majalisar jiha ba ta samu ba sai a zaɓen 11 ga Janairu 2011, bayan juyin mulkin Salou Djibo na 18 ga Fabrairu 2010 wanda ya kawar da Tandja, ya kuma sake cika kujerun gwamnoni da masu kaki.

Daga 2011 zuwa 2024 jihar Tawa ta kasance da kawuna biyu. A lokacin akwai shugaban majalisar jiha, wanda kansilolin da jama'a suka zaɓa na wa'adin shekara 5 suke fitarwa daga cikinsu, aikinsa shi ne tsara shirin raya jiha, daga baya kuma aka ce an miƙa wa zaɓaɓɓun majalisu wani kaso na harkokin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Akwai kuma gwamna, wanda tsaro da jami'an gwamnati suke ƙarƙashinsa, kuma shi ne ke duba ko shawarar majalisa ta dace da doka. Wanda ya san yankin ya san inda nauyi ya rinjaya, domin kuɗin da aka yi wa majalisa alkawari ba ya isowa yadda ya kamata, alhali abin da ya fi taɓa rayuwar ƙauye yana hannun jami'an da aka naɗa. Misali shi ne ranar sakin gonaki, wato ranar da aka yarda dabbobin makiyaya masu gangarowa daga arewa su shiga karan gero bayan girbi, wadda idan aka sa ta da wuri sai a tarar da damman manomi ba su kai rumbu ba, idan kuma aka jinkirta sai garken ya matsu ya kutsa da ƙarfi. Rikicin Bangi na Nuwamba 2016, wanda ya ci rayukan mutane kusan 20, ya nuna tsadar irin wannan saɓani.

Wani abin lura shi ne cewa sarautar gargajiya, wadda ake ɗauka gado ce zalla, ta fi kujerar gwamna kusanci da akwatin zaɓe, domin tun daga dokar 1993 masu gari ne ke zaɓen sarkin kanto daga cikin 'ya'yan gidan sarauta, magidanta kuma su zaɓi mai gari, ko da yake jami'an da aka naɗa ne ke tantance 'yan takara su kuma tsaya a kan zaɓen.

Wa'adin majalisun 2011 ya ƙare a 2016, aka yi ta tsawaita shi har sai 13 ga Disamba 2020 kafin a sake zaɓe, a jihar da ta daɗe tana zama tungar jam'iyyar PNDS Tarayya ta Shugaba Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji a gundumar Illela. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya naɗa hafsoshi gwamnoni a jihohi 8 na ƙasar, sannan a Afrilu 2024 ya rusa majalisun jihohi da na birane da na ƙananan hukumomi, aka damƙa Urno da sauran ƙananan hukumomin Madawa da Buza da Kaita ga kantomomin riƙo waɗanda su ma daga Yamai ake naɗo su.