Tarihin Yadda Mura Ta Gagari Magungunanta

Wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen likitoci? To, ni dai tarihin abin ne ya ja hankalina. Murar da nake nufi ba 'yar majinar nan ta hunturu ba ce. Infuluwenza ce, dangin wadda ta ƙarar da jama'a a 1918, kakanninmu suka sa mata suna Marisuwa.

Sai a 1966 Amurka ta amince da maganin farko mai kai wa ƙwayar cutar hari kai tsaye, watau amantadin. Aikinsa shi ne toshe wata 'yar kafa a jikin ƙwayar, wadda in ta toshe ƙwayar ba ta iya hayayyafa. An yi shekara kusan 40 ana amfani da shi. Amma ita ƙwayar mura gaggawar haihuwa gare ta, 'ya'yan kuma ba duka ke fitowa sak uwarsu ba. Wadda ta zo da kafar da magani bai iya toshewa, ita ke tsira ta yaɗu. A Janairun 2006 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce cikin samfuri 120 na nau'in H3N2 da ta gwada, 109 ba su jin maganin. Nan take ta shawarci likitoci su jingine shi.

Aka koma ga Tamiflu, wanda ya fito a 1999, kuma nan ne labarin ya ɗaure mini kai. An saba cewa yawan shan magani ke sa cuta ta raina shi, galibi kuwa haka ne. Amma a hunturun 2007 zuwa 2008, sai ga nau'in H1N1 mai taurin kai ya ɓulla a Norwe, inda ba a cika shan Tamiflu ba, alhali kuwa Japan ce ta fi kowa shansa. Wajen kashi biyu bisa uku na samfurin Norwe ba su ji maganin ba. Ashe ƙwayar ta sake kama ta yadda ko ba magani a gari tana yaɗuwa abinta. Kafin shekara ta zagayo ta game duniya.

Abin da ya ceci Tamiflu, a ganina, ba dabarar kowa ba ce, sa'a ce. Annobar 2009 da ta taso daga Meziko ta zo da sabon H1N1, ya kore tsohon daga cikin mutane, aka kuma tarar Tamiflu na kama shi. Amantadin kam, tun ranar farko bai yi masa komai ba.