Yadda Rabon Sauti Ya Tashi Daga Cikin Akwati Ya Koma Gaban Amfilifaya

A shekarar 1925 ne Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka fito da lasifika mai kwayil da maganaɗisu, irin wadda ake amfani da ita har yau. Ba a daɗe ba aka gane iyakarta. Babban faifai yana tura iska da yawa, ya ba da sauti mai kauri, amma nauyinsa ba ya barinsa ya yi karkarwa da saurin da siririn sauti yake bukata. Ƙarami kuwa yana da zafin nama, sai dai da an ɗora masa duma ya yage. Dole a raba musu aiki.

Gidajen sinima ne suka fara matsa lamba, bayan fim mai magana ya kankama a 1927. A 1935 sashen sauti na kamfanin MGM, ƙarƙashin Douglas Shearer, tare da John Hilliard da James Lansing, ya haɗa tsarin lasifika mai hawa biyu: sauti mai kauri ya tafi ga manyan lasifikun da ake kira ufa, siriri ya tafi ga ƙaho. Abin da ke yin wannan rabo shi ne kurosoba, kuma ba wani abu ba ne illa kwayil da kwandansa. Kwayil yana barin sauti mai kauri ya wuce ya tare siriri, kwandansa kuma akasin haka. An sanya su tsakanin amfilifaya da lasifika ne saboda dalili na aljihu. Amfilifaya na wancan zamani mai kwalba ne, ga tsada, ga zafi, ga ƙarancin ƙarfi, don haka guda ɗaya ake so ya ciyar da kowa.

Wannan tsari ya shiga gidaje ya zauna, tare da aibobinsa. Lasifikar da aka rubuta mata om 8 ba kullum take tsayawa a 8 ba. Tana hawa da sauka gwargwadon sautin da ke wucewa, tana kuma canzawa idan kwayil ɗinta ya ɗau zafi, sai wurin rabon ya goce daga inda aka tsara. Wani ɓangare na ƙarfin amfilifaya kuma a kan resisto da kwayil yake ƙarewa. Mafi muni, idan duma ta ƙure amfilifaya, muryar mawaƙi da ke hanya ɗaya da ita ma sai ta gurɓace, tuwita kuma, wato ƙaramar lasifikar siririn sauti, ta kwashi kashinta a hannu.

Zuwan taransisto ya sauya lissafi. Da amfilifaya ya yi araha, sai aka ga babu laifi a raba sautin tun yana ɗan ƙaraminsa, kafin a ƙara masa ƙarfi, kowace lasifika ta samu nata amfilifaya. A 1967 kamfanin Klein + Hummel na Jamus ya fitar da lasifikar situdiyo mai suna OY da amfilifaya a cikin akwatinta. Masu manyan wasanni suka bi sahu, har ƙungiyar mawaƙa ta Grateful Dead ta gina bangon lasifika kusan 600 a 1974. Sai 1976, lokacin da Siegfried Linkwitz, injiniya a Hewlett-Packard, ya wallafa tsarin da suka yi da abokin aikinsa Russ Riley: kowane ɓangare ya sauka da desibel 6 a wurin haɗuwa, ta yadda idan sun haɗu ba tudu ba kwari. Samfurinsa mai gangaren desibel 24 ya zama abin da kusan kowace na'urar rabo take ɗauke da shi.

Masu haɗa lasifika a gida sun samu dandali da mujallar Speaker Builder ta fara fita a 1980, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanoni suka fara sa tasha huɗu a bayan akwati maimakon biyu, da 'yan ƙarafa masu haɗa su. A nan hanya ta rabu biyu ga mai son ba ufa da tuwita kowacce nata amfilifaya.

Ta farko mai sauƙi ce. Ka buɗe akwati, ka bi layin tagulla a kan allon kurosoba, ka raba ɓangaren ufa da na tuwita, kowanne da tasharsa. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne layin nagatif: sau da yawa ɗaya ne ga duka biyun, kuma in ba a yanke shi ba, amfilifaya biyu masu tsarin gada za su iya ƙonewa nan take. Ribar wannan hanya kaɗan ce, domin kowane amfilifaya har yanzu cikakken sauti yake karɓa.

Ta biyu ita ce a cire kurosoba ɗungurungum. Nan ne riba take, nan ne kuma haɗari. Allon da aka cire ba rabo kawai yake yi ba. Resisto ɗinsa suna rage ƙarfin tuwita ta daidaita da ufa, girman kwayil yana cike gurbin dumar da faɗin akwati yake zubarwa, wani sashe kuma yana danne ƙarar da faifan ufa yake yi a saman iyakarsa. Wanda ya cire shi bai mayar da waɗannan ba, zai ji sauti ya fi da kaifi da rama. Tuwita kuma ta zama ba mai tsaronta, shi ya sa gwanaye suke barin babban kwandansa a gabanta, don "dum" ɗin kunna amfilifaya kada ya kashe ta.

Yau na'urorin dijital irin su Behringer DCX2496 da miniDSP suna yin rabo, da gyaran sauti, da jinkirta wata lasifika don ta yi daidai da 'yar'uwarta, duk daga kwamfuta. Allon amfilifaya mai guntun TPA3116 bai kai tafin hannu biyu ba, manhajar awo ta REW kuma kyauta ce. Tsadar da ta sa aka cusa kurosoba cikin akwati ta kau. Abin da ya rage wa mai haɗawa, a Barlin yake ko a Sabon Garin Kano, shi ne ya sa makirufon awo a gaban akwatin ya ga abin da tsohon allo yake yi, kafin ya ɗauki ƙarfen soda ya ɓalle shi.