Ambulan: Asibitin da Ke Tafiya

A bakin Bahaushe, ambulan mota ce. A asali kuwa ba ta da alaƙa da mota ko kaɗan. Tushen kalmar Latin ne, “ambulare”, wato tafiya, kuma sojojin Faransa ne suka riƙa kiran asibitin da ke bin rundunarsu fagen fama “hôpital ambulant”. A shekarun 1790 likitan soja Dominique Jean Larrey ya tanadi kekunan doki masu sauri don kwashe waɗanda suka ji rauni ana tsakiyar yaƙi. Da tafiya ta yi tafiya, sunan ya sauka daga kan asibitin ya koma kan abin ɗaukar.

Sunan bai taɓa damuwa da ƙirar mota ba. A ƙananan garuruwan Amurka, daga shekarun 1940 zuwa 1960, sai a sayi rufaffiyar motar kai kaya, ko doguwar Chevrolet Suburban, ko International Travelall, a cire kujerun baya, a kafa gadon majiyyaci, a ɗora jiniya da jar fitila, shi ke nan ta zama ambulan. A wurare da yawa ma masu sana'ar binne gawa ne ke wannan aiki, don su ne ke da motar da mutum zai kwanta a miƙe. Sai a shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta gindaya ƙa'idojin ƙira.

Mu ma mun ga irin wannan a Fijo 504 doguwa. A ganina “motar asibiti” ta fi “motar ɗaukar marasa lafiya” daɗin faɗi, ga ta kusa da ma'anar farko.