Sefsis: Dalilin da ya sa tsokar majinyaci ke narkewa ko da ya tsira

Sefsis yanayi ne da garkuwar jiki ke wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayar cuta, har ta koma tana lalata gaɓoɓin mai ita. Yakan samo asali daga namoniya, taifod, raunin da ya ruɓe, ko cutar da mace ke ɗauka bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2017 ya kama kimanin mutum miliyan 49, ya hallaka miliyan 11. Da yawa daga waɗanda suka tsira kuwa sukan tashi da raunin jiki mai tsanani.

Yadda tsoka ke narkewa

Idan cutar ta yi tsanani, jiki kan farfasa furotin ɗin tsoka fiye da yadda yake gina sabo. Doguwar kwanciya da ƙarancin abinci na ƙara rura wutar, jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi ma sukan taɓu. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka wallafa a mujallar JAMA a 2013, ya gano cewa kaurin tsokar cinyar majinyatan sashen kulawa ta musamman ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana goma. Tsokar numfashi ma takan raunana, abin da ke jinkirta cire majinyaci daga na'urar numfashi.

Abin da ke taimakawa

Babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana maido da tsokar. Abin dogaro shi ne gaggauta maganin cutar, motsa gaɓoɓi tun majinyaci yana gado, abinci mai gina jiki kamar wake, gyaɗa, ƙwai da nono, sai gashin ƙashi bayan sallama. Farfaɗowa kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.

Inda gizo ke saƙa

Ga manomi ko ɗan ƙwadago a Rijiyar Zaki, ƙaramar hukumar Ungogo, ƙarfin jiki shi ne jari. Wanda ya kasa ɗaga fartanya ya yi asarar damina guda. Ƙwararrun gashin ƙashi kuma sun fi taruwa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma kowane zuwa sai da kuɗin mota.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. Tambayar da ta kamata matasa su yi wa wakilansu ita ce: nawa ke kaiwa ga majinyacin da aka sallama alhali bai iya tsayuwa da ƙafafunsa ba?